Ceɗiyar Bayan Gidanmu

Har yau in iska ta taso da la'asar sai na nemi bango na jingina. Ba na iya tsayuwa a ƙarƙashin bishiya, ko da ta zogale ce wadda yaro zai karya da hannu ɗaya. Mutane suna cewa abin zai wuce. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, wadda ta jawo mini wannan ba ta nan, kuma da hannuna na ga bayanta.

Bayan gidanmu a Rurum Tsohon Gari fili ɗaya ne aka raba biyu da kakanmu ya rasu. Gefe ɗaya namu, ɗaya na Baffa, yayan Baba. A tsakiya, daidai kan iyaka, nan ceɗiya take. Ba wanda ya shuka ta da niyya. Kakanmu ne ya sari ɗanyen reshe ya kafa turken rago, aka yanka ragon da Sallah, turken ya ƙi mutuwa. Haka ceɗiya take, ko sanda ka yi da ita ka manta a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta yi saiwa. Lokacin da na yi wayo, mutum biyu ba sa iya zagaye ta da hannu.

Baba manomi ne kamar kowa, amma abin da ransa yake so shi ne auren bishiya. Ƙwallon mangwaro ɗan ƙasa ake shukawa, mai zaren nan da in ka sha sai ka yini kana sakace. In ya kai kaurin yatsa sai a datse kansa, a tsaga shi kaɗan, a ɗauko ɗan reshe daga mangwaron kirki a fiƙe shi gefe biyu kamar alƙalamin allo, a cusa a tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda tamau. Gindin na ɗan ƙasa ne mai jure fari, saman na mai zaƙi. Ni ce mai riƙe leda tun ina firamare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga Baba har Baffa ba mai kiran sunana.

"Uwata, miƙo," haka yake cewa ba tare da ya ɗago kai ba, hannu kawai zai buɗe.

Da muka zo wajen a darasin noma a sakandare, malamin a allo ya zana mana. Na yi ta dariya a zuci, don ni ƙamshin ɗanyen ɓawon ma na sani.

Akwai mangwaro ɗaya da Baba yake ji da shi. Reshensa ya samo daga wata tsohuwar bishiya a fadama wajen Kibiya, wadda daga baya mai gonar ya tumɓuke don ya shuka shinkafa. Ba zare ko ɗaya, ƙwallonsa shafal kamar an danne shi da dutsen guga, kuma yana nuna yana kore shar, sai ƙamshi ya tona masa asiri. Ba shi da suna a kasuwa. Mu dai na Baba muke ce masa, har maƙwabta suka ɗauka. Da uwarsa ta fadama ta tafi, a duk inda muka sani, wanda ke bayan gidanmu ne kaɗai ya rage.

Duk shekara sai sun yi maganar ceɗiya, shi da Baffa, ta kan katanga.

"Yaya, bishiyar nan ta yi mana nauyi. Inuwarta ta hana mangwaro fure, saiwarta ta tsaga katangar banɗaki."

"Turken Baba ne. Kai ka taɓa jin an sare turken uba?"

"To a rage ta ta gefena."

"Gefenka ajiya ce. Baɗi in ciyawa ta yi wuya, shi awaki za su ci."

Baɗin nan ba ta taɓa zuwa ba. Kowace bazara Baffa yakan hau ya sassare rassan gefensa ya zuba wa awaki, su sake tohowa da taushi, irin wanda awaki suke so. Gefenmu kuwa ba a taɓawa. Rassan suka tsufa, suka yi kauri, suka miƙo har saman mangwaron Baba. Duk wanda ya tsaya daga nesa zai ga bishiyar ta karkato kanmu kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Baba ƙane ne, ba ya ja da yayansa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya kai mu baɗin."

Ranar, farkon damina ne, bayan la'asar. Muna aurar da 'yan mangwaron da ya shuka a jere, da rassan na Baba. Na ƙarshen wani ne da ya tsiro da kansa dab da gindin ceɗiyar, inda wani ya sha ya jefar da ƙwallo. Baba ba ya raina tsiro. Hadari ya haɗo daga gabas, Inna ta leƙo ta ce mu shigo.

"Bari in ɗaure wannan," in ji shi. "Uwata, miƙo."

Na miƙa. Ya naɗe, ya ƙulla, muka miƙe muka taho tsakiyar fili. Sai iska ta bugo. Na ji wata ƙara a samanmu kamar an yaga sabon yadi, amma yadin da ya kai girman gari. Ban ma ɗaga kai ba. Hannun Baba kawai na ji a ƙirjina, ya hankaɗa ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba, na faɗa jikin katanga. Da na tashi, ganye ne ko'ina, har ban san inda nake ba. Can ƙasa na hango ƙafarsa da silifas ɗinsa a sanye. Sauran ledar tana hannuna.

Maza suka zo da gatura a cikin ruwan. Aka sa shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur aka nufi asibiti a Rano. Washegari da hantsi aka dawo mana da shi a lulluɓe.

Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa: sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda. Amma ina zaune a ɗakin Inna cikin mata, ta taga ina hango ceɗiyar. Ta yar da reshe ɗaya, sauran suna nan suna kaɗawa, ruwa ya wanke ganyen sai sheƙi suke kamar an shafa musu mai. Tsuntsaye ma sun dawo. Ita ba ta san an yi komai ba. Wannan ne abin da ya ƙi shiga raina.

Bayan sadakar bakwai na shiga gidan Baffa, na durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau, Uwata. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai an sare ceɗiya."

Ya daɗe yana jan carbi. "Itace ne fa. Itace ba shi da laifi."

"Kare ma ba shi da hankali, Baffa. Amma in ya ciji yaro, kashe shi ake."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Amma ban tashi ba. Shi ma bai dube ni ba. Akwai maganar da take tsakaninmu wadda ba zan iya faɗa ba, shi ma ba zai iya ji ba, wato maganar baɗi. Sai muka bar ta a kan itace.

Ya kirawo mai injin yankan itace daga Rano. Kafin a tayar da inji, Baffa ya tsaya a gindin ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya kamar yadda tsofaffi suke yi: "In akwai mazauna, a tashi, za a sare." Ina maƙale a bakin ƙofa na ce a raina, kada ku tashi, a haɗa da ku. Na yi niyyar in kalla har ƙarshe. Amma da reshen farko ya yi wannan ƙarar, sai na tsinci kaina a ƙasa, Inna tana yayyafa mini ruwa.

Da yamma na fita. Kututture ne ya rage, tsayin gwiwa, yana tsatsar farin ƙaro kamar nono. Baffa ya kwashe ganyen ya kai wa awaki, rassan aka tara wa Inna a tsakar gida na girki. A lokacin ne na duba ɓarnar da kyau. Babban mangwaron Baba ya tsage har ƙasa, ƙasa da gurbin auren, don haka ko ya sake tohowa ɗan ƙasa mai zare ne zai fito. Da an yanki rassansa tun ranar an aurar da su, da an tsira da shi, amma wa yake tunanin reshe ana zaman makoki? Sun riga sun yi yaushi. 'Yan ƙananan da ke jere duk sun murƙushe. Guda ɗaya ne ya tsira, na dab da kututturen, domin reshe waje yake faɗawa, ba gindi ba. Na ƙarshen da ya ɗaure. Ledar tana nan da ƙullinsa.

Na samo baƙin mai wajen mai gyaran babur na tuttula a kan kututturen har ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauka shi ke nan.

Daga nan jikina ya ƙi. Ba na barci, ba na cin abinci, in kwanon rufi ya motsa sai in ƙwalla ihu. Kawu, ƙanen Inna, ya zo daga Kahu ya ce zai tafi da ni in canza wuri. Ya ba ni ɗakin da ba bishiya kusa da shi, ya riƙa karɓo mini rubutu ina sha. A can na yi damina. In ruwa ya taso, matarsa takan zauna kusa da ni tana tsintar shinkafa tana ba ni labarin da ba na ji. Abu ɗaya ne yake sanyaya mini rai: in na rufe ido sai in ga baƙin kututturen nan yana ruɓewa a cikin ruwa.

Na dawo gida gero ya fara nuna, Inna tana dab da fita takaba. Ko mayafi ban cire ba na zagaya baya.

Kore na gani. Kututturen ya yi toho ta ko'ina, ta gefen ɓawo inda man bai kai ba, kamar kan yaron da aka yi wa aski ya sake fitowa. Wannan ma da sauƙi. A gefensa akwai shinge zagaye da ɗan mangwaron, kuma kowane itacen shingen ya yi ganye. Na san ganyen. Ƙanana, masu sheƙi. Ɗaya na bari a kwance, na dawo na tarar da 'ya'yanta a tsaye sun kai ƙirjina, sun sa na Baba a tsakiya.

"Inna! Inna, wa ya yi wannan?"

Ta fito a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana ido da ido ba.

"Ke 'yar nan, rage murya. Ni ce."

"Da ceɗiya, Inna? Duk itacen duniya?"

"Awakin Baffanki suka riƙa tsallakowa ta inda katanga ta faɗi. Ranar da ya fitar da ganyen farko na tarar da ɗaya ta miƙa wuya. Ni ina takaba, ban isa in fita daji saro ƙaya ba. Akuya kuwa ba ta takaba."

"Da kin aika a saro miki."

"In aiki wa? Mai awakin?" Ta gyara lulluɓinta. "Abin da ke tsakar gida na ɗauka. Na zaɓi waɗanda suka yi yaushi, na ce ai sun mutu. Da na ga sun fara toho, in na cire su awaki ne, in na bar su ita ce. Sai na bar su."

Muna cikin haka sai ga kan Baffa ta saman katanga. Ya yi mini sannu da zuwa, ya dubi shingen, ya girgiza kai.

"Ikon Allah! Kin gani, Uwata? Ita ce take gadinsa yanzu. Ai ta biya diyya."

Na san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Diyya! Ta ɗauki Baba, ta biya da inuwa, kuma ta samu gindin zama a wurare da yawa maimakon ɗaya. Baɗi Baffa zai fara sassare gefensa. Na nufi shingen. Na kama itace ɗaya da hannu biyu na ja.

Bai fito ba. Na ƙara ja, na jijjiga, sai ƙasa ta ɗago, na ji wani abu yana tsinkewa tas-tas a ciki, ɗan mangwaron ya karkata. Inna ta yi salati. Na saki. Na durƙusa na tona da yatsa. Fararen saiwoyi ne kamar zaren saƙa, sun shiga cikin na mangwaron sun sarƙe, ba ka gane wannan daga wancan. A nan kuma na ga ledar. Ƙa'idar Baba ce, in aure ya kama a kwance leda, in ba haka ba ta shaƙe shi. Inna ba ta kwance ba, saboda ƙullinsa ne. Ta nutse a cikin ɓawon har ta yi masa wuya. Na ɗauko askar Baba a aljihun rigar gonarsa, inda take tun ranar, na yanke ta. Inna ta miƙo hannu, na ba ta.

Na kira Kawu a waya, ya zo ranar kasuwa. Ya zagaya, ya tsuguna, ya tona.

"Gishiri zai kashe ta, in an haƙa an zuba da yawa. Wuta ma za ta kashe ta, irin mai cin ƙasa a hankali. Amma ko wanne kika yi, da shi za a tafi. Sun yi kusa da yawa. Ko ki bar su tare, ko ki rasa su tare."

"In na bar su fa?"

"Shekara kaɗan za ta rufe shi. Ceɗiya ba ta zaman amana da kowa."

Na yi kwanaki ina zagaya wurin daga nesa. Abin da ya dawo mini shi ne wata magana ta Baba, ranar da na tambaye shi me ya sa ɗan tsinken nan yake rinjayar gindi guda. Ya nuna mini 'yan ƙullutun da ke jikin reshe inda toho yake fitowa, ya ce, "Zaƙin a ido yake, Uwata. Gindi ɗan dako ne." To in haka ne, ba gindin nan ne na Baba ba. Idon ne. Ido kuwa ana iya ɗauke shi.

Rassa uku ne kacal a jikinsa da suka isa yanka. Na tsinke musu ganye na bar su a jiki, don idon ya kumbura, yadda yake yi. Inna ta gani, ta gane.

"Me za ki yi masa?"

"Kahu zan kai shi. In ya kama a can, in dawo in ƙone nan."

"Har da shi?"

"Har da gindin."

"Ba da yawuna ba," in ji ta. "Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa."

"A'a, Inna," na ce. "Ƙirjina ne na ƙarshe."

Ta dube ni, duba na sosai, irin wanda ba ta taɓa yi mini ba. Ta juya ta shiga ɗaki. Ba ta ce to ba, ba ta kuma sake cewa a'a ba.

Da sassafe na yanke su, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a leda, na hau acaɓa. Duk inda hanya ta bi ƙarƙashin bishiya sai in runtse ido in ƙanƙame ƙarfen baya, har ɗan acaɓan ya ce, "Hajiya, in tuƙina ne ki faɗa mini in rage." Na ce ba tuƙinsa ba ne.

Kawu yana da 'yan mangwaro ɗan ƙasa a bakin rijiyarsa, fili fetal, ba abin da ya fi mutum tsayi. Na durƙusa, na datse na farko. Na ɗora aska in tsaga shi. Askar ta zarce, tsagar ta yi zurfi, ta haɗa da babban yatsana.

"Kai, wannan aure ne ko yanka?" in ji Kawu. "In karɓa?"

"Kai da ko barkono ba ka taɓa aurarwa ba?"

"To ni ne ɗan riƙe leda ke nan yau. Girma ya faɗi."

Na tsotse jinin, na cusa reshen, na naɗe. A na biyu na ja numfashi na fiƙe reshen da ja ɗaya kowane gefe, ba komawa, don in ka yi ta sassaƙa fuskar ba ta kwanciya. A na uku, ina riƙe da ɓawo a kan ɓawo, ban ɗago kai ba na buɗe hannu na ce, "Kawu, miƙo." Sai da na ji maganar a bakina. Kawu ma ya ji. Ya sa mini ledar a hannu bai yi wasa ba. Na rufa wa kowanne ledar ruwan sha a ka don kada su bushe, shi kuma ya kewaye su da ƙaya. Busasshiyar ƙaya. Sai da na karya ɗaya na tabbatar.

Na farko ya yi baƙi, dama na sani. Na biyu ya daɗe yana ba ni rai, sannan ya yanƙwane. Na uku ya tsaya kore, bai mutu ba, bai motsa ba, har na fara tunanin ni ma ceɗiyar ta ci ni. Wata safiya matar Kawu ta dawo daga rijiya ta ajiye bokiti ta ce in zo in gani. Idon ya fashe. 'Yan ganye jajaye, masu laushi kamar kunnen jinjiri, suna tura ledar.

Na jira har ganyen ya rikiɗe kore ya yi ƙwari, na kwance ledar da kaina. Sannan na ce wa Kawu zan tafi.

"Ɗaya ne fa," in ji shi. "Tsiro ɗaya ba dukiya ba ne. Akuya ɗaya, ko gara, shi ke nan. Ki bari na gida ya sake yin rassa, baɗi ki ƙara aurar da wasu, sannan ki yi wutarki."

"Baɗi?"

Shi kansa sai da ya ji nauyin kalmar.

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma wata damina a gidanmu, ina jin ganyen ceɗiyar yana kaɗawa a bayan ɗakina, tana ƙara kauri, tana ƙara miƙa saiwa, wannan ba zan iya ba. Na gwammace in rataya na Baba a kan zare ɗaya.

An gama girbi na fara. Na je rugar Fulani da ke bayan gari na roƙi busasshen kashin shanu, na tara ƙaiƙayi daga masussuka, na sayi gishiri irin na dabbobi. Na haƙa rami zagaye da kututturen, duk saiwar da na tarar na datse ta da gatari. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. 'Yan shingen na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, yanzu ba abin da nake tausayi, kuma ban bar ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. A kan tsohon kwanon rufi na jera su a rana har suka bushe ƙayau.

Mangwaron na bari na ƙarshe. Ban yarda wuta ta same shi a tsaye ba. Na sa askar Baba na yanke shi sama da gurbin auren da kuma ƙasa da shi, na fitar da ɗan guntun da bai fi yatsa ba, inda yankansa ya warke ya zama ƙulli, da shatin leda a jiki. Na kai wa Inna. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Na fafe ramuka a kan kututturen na ɗura gishiri. Na jera 'ya'yanta a kanta, na bi da kashin shanu, na rufe da ƙaiƙayi, na sa garwashi, na kifa kwano na danne da duwatsu. Irin wannan wutar ba ta harshe. Ci take a ɓoye, tana bin saiwa cikin ƙasa, hayaƙi kawai ake gani. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna ina kallo. Wani lokaci sai in ji ƙaron yana tafasa a ciki yana tsuwa. Allah Ya gafarta mini, daɗi nake ji.

"Uwata," in ji Baffa ta kan katanga, yana tari, "hayaƙin nan zai kashe mini awaki."

"Su matsa, Baffa. Ko su yi haƙuri. Mu ma shi aka ce mu yi."

Sai na ji yana kwance su yana kaiwa ƙofar gida.

Kwanaki wutar ta yi tana ci, ina ƙara mata abinci safe da yamma. Inna ba ta zagayo ba ko sau ɗaya, ba ta kuma yi mini maganar ba. Wata safiya na makara. Na fito da sauri kada ta mutu, sai na tarar an riga an ɗaga kwanon an zuba sabon ƙaiƙayi, an mayar da duwatsun, ba yadda nake jera su ba. Inna tana bakin murhu tana dama koko, da toka a gefen zanenta. Na gaishe ta, ta amsa, ta miƙo mini kofi.

Da wutar ta mutu, rami ne ya rage, baƙi, ƙasar ta yi ja kamar tukunya. Ko ciyawa ba ta fito a wurin ba da damina ta dawo. Amma ban yarda da ceɗiyar ba, kuma na yi daidai. Bayan ruwa na uku ko na huɗu na ga ɗan toho mai sheƙi a gindin katangar banɗaki, nesa da ramin, daga wata saiwa da ta tsere wa wutar. Na bi ta da fartanya har inda ta ƙare, na ƙone ta a murhu, na dafa ruwan wanka da ita. Har yanzu kullum sai na zagaya da safe kafin in yi shara.

Na Kahu yana nan. Ya kai ƙuguna. Bai yi fure ba tukuna, don haka ban san ko zaƙin ya biyo shi ba, sai dai maganar Baba da nake riƙe da ita. Rannan Kawu yana ba shi ruwa ya ce, "Wata rana a inuwarsa za ki zauna kina sha, kina hana mu."

Askar tana jakata, a wase. Na Baba ne, ina son sa, amma duk reshen da ya wuce kaina zan datse shi.